Tsayin Teburin Malam

Litinin, 3 ga Maris
An hana ƙanena Dogo shiga ɗakin tiyata sai an ɗauki hoton wuyansa. Ana tsakiyar ɗinki almakashi ya suɓuce masa. Yatsu biyu na hannun dama sun yi nauyi. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a koyon aikin.

Laraba, 5 ga Maris
Na tsare shi da tambayoyi yadda nake tsare mutane a jarida. Ashe teburin tiyata ana ɗaga shi, ana sauke shi. To me ya sa kake sunkuyo? Wai a tsayin Malam, babban likitan da ke koyar da su, ake daidaita shi, Malam kuwa da ƙyar ya kai masa kafaɗa. "Yaya, shi ma da robar tallafar wuya yake kwana, bai taɓa cewa wash ba. Ni wa?"

Na ce ya bar tiyata, ya koma duba marasa lafiya a zaune. Ya tashi ya bar min abincin.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kasa zama a ofis. Labari guda na gyara sau uku.

Asabar, 8 ga Maris
Asibitin ya ɗauko wata mai gashin ƙashi ta koya musu tsayuwa. Ƙa'idar ba wuya: a daidaita tebur da gwiwar hannun mafi tsayi, gajere ya hau ɗan benci. Ta nuna hotunansu ta baya, suna kan aiki. Dogo ya ce nasa kamar mai neman allura a ƙasa. Aka yi dariya. Da ta tambayi wa zai miƙa wa Malam benci, kowa ya duba takalminsa. Bencin 'yan koyo suke ce masa.

Na fara rubuta wa jarida labari a kai. Dogo ya leƙo. "Don Allah, Yaya, Malam ne zai sa hannu a kammalawata." Na rufe, ban goge ba.

Talata, 11 ga Maris
Malam ya zo duba shi har gida. Na ɗauka mai girman kai zan gani. Dattijo ne da ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jikinsa duka. Ya matsa yatsun Dogo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Tun yaushe?" Dogo ya ce kwanan nan. Na ce tun bara. Harara na sha.

Juma'a, 14 ga Maris
Na biya kasuwa. Na sayo takalmin tsayuwa mai taushin ƙasa, lambar Dogo. Araha na gani, shi ke nan.

Babbar nas ta kira shi: wai yau Malam ya sa an ɗaga tebur, ya hau benci, ya ce duk wanda ya yi dariya ya fita. Majiya ɗaya ce, ban tabbatar ba.

An ɗauki hoton wuyan. Sakamako sai Litinin.