Wasiyyar da Yayata Ba Ta Bari Ba

Zuwa ga Goggo Ummu Tamir,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har kakata Sitti, mahaifiyar Babana, da muke ɗaki ɗaya. Na yi wa mamaciya ƙarya, kuma ƙaryar tana nan rubuce da jan fenti a bangon layinmu.

Shekarata goma sha uku, ina aji bakwai a makarantar 'yan mata ta sansaninmu na 'yan gudun hijira, nan gefen Nablus. Shekara biyu ke nan da sojoji suka harbe Yayata Shuruƙ a bakin layi, da safe, muna dawowa daga gidan burodi. Ina tare da ita. Iyakar abin da zan faɗa miki game da harbin ke nan. Ba raini ba ne, Goggo. Na ba da labarin sau arba'in da ɗaya, ina ƙirgawa, kuma ba zan yi na arba'in da biyu ba ko a takarda.

Babana yana tsare tun ina aji uku, saboda haka ƙanensa, Baffa Ziyad, shi ne babba a gidanmu. Yana cikin kwamitin sansani. Duk baƙin da suka zo daga ƙasashen waje, 'yan jarida ne ko ɗalibai ko tsofaffin mata masu littafin rubutu, gidanmu yake kawo su. Mama ta ɗora gahawa, a ɗauko min baƙar rigar nan mai jan ɗinki a ƙirji, a zaunar da ni ƙarƙashin hoton Yaya. Ni da ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale. Amma wannan labarin na haddace shi kamar Fatiha. Na san inda tafinta zai tsaya ya kurɓi ruwa, na san inda matan za su fara laluben hankici a jaka. Ran da na tsallake wani wuri, Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Takalmin fa, 'yar Baffa? Kin manta takalmin."

A zuwan baƙi na uku ne wata mata mai furfura ta tambayi mene ne maganar ƙarshe da Yaya ta yi min. Mama ta ɗago tana kallona kamar mai ƙishi da ta hango ruwa. Gaskiyar ita ce, abin da Yaya ta ce min shi ne, "Ɗaga ƙafa mana, kunkuru, burodin zai huce." Ni kuma na murguɗa mata baki na ce to ta auri burodin. Shi ke nan, ba mu sake magana ba. Ta yaya zan faɗi wannan a gaban mutanen da suka hawo jirgi don su ji? Sai kawai na ji bakina yana cewa wai ta ce in riƙe Mama, kuma kada mu bar gidan nan.

Kafin sati ya zagayo samari sun rubuta a bango. An karanta a taron makaranta. Mama tana maimaitawa in tana shara. Da sanyin bara da sojoji suka rufe sansani, maƙwabta suka tattara yara suka tafi wurin dangi a cikin gari, Mama ta ce ko rufin ne zai faɗo mata a ka ba za ta karya wasiyyar Shuruƙ ba. Kwana huɗu muka yi a ƙarƙashin matakala, famfo a bushe, Sitti ba maganinta na hawan jini. Ina zaune ina kallonsu, na san ni na ajiye su a wurin, kuma na kasa buɗe baki.

Yanzu duk ran da baƙi suka tafi sai na yi amai. Hannuwana su yi sanyi ko da rani ne. Na tsige gashin girata ta hagu har ya yi fili ban san ina yi ba. An kai ni asibiti, likita ya ce ba abin da ya gani, ya ba ni maganin ciki. Sitti ta yi min tofi, ta ɗura min shayin ganyen maramiya na maganin ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, na fara manta Yaya ta gaskiya. Wadda take sace min safa ta rantse ba ita ba ce, wadda take waƙa da murya kamar an taka kyanwa, wadda take hawa kujera in ta ga kyankyaso. Wadda nake ba da labarinta wata ce daban, mai magana kamar littafi, ban san ta ba.

Na taɓa ce wa Baffa na gaji. Ya yi dariya ya ja min kunne, ya ce ƙanwar shahida ba ta gajiya. Da ya ga da gaske nake sai ya daina dariyar ya ce, "Su suna da jirage da gidajen talabijin. Mu me muke da shi in ba bakinki ba?" Ba mugu ba ne, Goggo, shi yake sayo min biro masu kala. Amma shi ma ya yi shekara shida a kurkuku, kuma ban taɓa jin ya ba wa kowa labarin abin da aka yi masa ba. Me ya sa shi ba a sa masa riga a zaunar da shi? Ni ba rediyo ba ce da za a murɗa in baƙi sun zo. An riga an karɓe min Yaya sau ɗaya, ba zan bari a ƙarasa karɓe wadda ta rage min a kai ba.

A makarantarmu akwai Malama Rawan mai sauraron damuwar ɗalibai, ɗakinta na ƙarshen baranda, mai koren ƙyaure. 'Yan ajinmu suna cewa duk wadda ta shiga can ta taɓu. Su ne dai suke kirana 'yar talabijin, to su ƙara da wannan.

Tambayata ɗaya ce: in faɗa wa Mama gaskiya? Ina tsoron in cire mata sandar da take dogarawa. Ina kuma tsoron ran da za a sake rufe sansani.

Sauran na riga na yanke, ba izini nake nema ba. Ranar Alhamis akwai baƙi. Jiya na ninke rigar na tura ta can ƙasan akwatin Sitti, ƙarƙashin barguna. Sitti ta gan ni, sai ta jawo matashi ta zauna a kan akwatin. Ranar Alhamis in an tashi makaranta ba gida zan nufa ba, koren ƙyauren zan ƙwanƙwasa.

Taki,
Kunkuru, daga sansani

Amsa

'Yata,

Na canza sunaye da abin da ke jikin bangon, ki kwantar da hankalinki. Tunda ba ki nemi izini ba, ba zan ba ki ba. Zan dai ce kin yi daidai.

Ki fara sauke wannan kayan: yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da manya suka zagaye suna jiran magana mai daɗi daga bakinta, ta ba su abin da suke jira. Tausayin mahaifiyarki ne ya yi magana a ranar. Kuma ba ke kika rufe sansani ba, ba ke kika kashe famfo ba. Amai da sanyin hannu da tsigar gira ba taɓuwa ba ce. Haka jiki yake yi in ana mayar da shi wurin da ya ga tashin hankali, ke kuwa an mayar da ke sau arba'in da ɗaya. Wannan yana warkewa in an samu mai sauraro da ya san aikinsa. Ki je wurin Malama Rawan. In bakinki ya maƙale, ki miƙa mata wannan shafin ki ce ke ce. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki faɗa mata a ranar, kada ki jira.

Baffanki yana da tasa gaskiyar. Mun san abin da ke faruwa da wanda aka kashe ba a ba da labarinsa ba, sai a ce ma ba a yi shi ba. Tsoron da yake ji ke nan, kuma mai yiwuwa da bakinki yake faɗin abin da nasa ya kasa. Amma shaidarki ta riga ta fita, tana cikin littattafai da na'urorin mutane da yawa. Daga nan manya su ɗauka. Tsayin daka da muke alfahari da shi ba ya nufin mu ƙone 'ya'yanmu don mu haska wa baƙi hanya. Abu ɗaya nake roƙo: kada ya ji a gaban baƙinsa. Ki sa Sitti ta faɗa masa kafin Alhamis. Uwarsa ce, kuma tsohuwar da ta zauna a kan akwati ta riga ta zaɓi ɓangare.

Batun Mama, e, ki faɗa mata, domin maganar ta kai inda ake yanke shawarar rai da mutuwa da ita. Sai dai ba wannan satin ba, kuma ba ke kaɗai ba. Ki fara zama da Malama Rawan sau biyu ko uku, sannan ku samu Mama da rana, ba baƙo a gida, Sitti na kusa. Ba zan yi miki alkawarin za ta karɓa da murmushi ba. Tana iya fushi, tana iya yin kwanaki ba ta ce miki uffan ba. Ki ba ta lokaci. Ita ta goyi Shuruƙ, ta fi kowa sanin yadda bakin 'yarta yake. Bangon kuwa ki ƙyale shi, ba aikinki ba ne ki goge. In ana son zama a gidan, a zauna don an zaɓa, in ranar fita ta zo a fita da tsohuwa da maganinta.

Allah ya jiƙan Yayarki, ya dawo muku da Baba lafiya, ya sanyaya zuciyar Mama. Ke kuma ya bar miki muryarki, ki yi magana ran da kika ga dama, ki yi shiru ran da kika ga dama.

Ummu Tamir