Ni Ne Hajiyoyin Da Ke Sayen Cefane A Wurin 'Yata

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk masu karatu, Allah ya saka muku da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara wanke ni a ƙasan rubutun nan ku daure ku kai ƙarshe, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina. Ni dattijo ne a Gyaɗi-Gyaɗi, tsohon direban babbar mota, gemu fari fat. Bokona bai wuce karanta allon hanya ba, da yatsa ɗaya nake latsa saƙon nan, in kun ga kuskure ku tsallake.

Ina da 'ya mai sunan mahaifiyata, Ummi nake ce mata. Ta yi jami'a, tana aikin gwamnati mai fansho, irin wanda mutane ke shekara da shekaru suna nema. Bara ta zo da dabara: ita da ƙawarta sun haɗa manhaja a waya, mace tana gida ko ofis za ta latsa ta yi odar cefane, a sayo mata a kasuwar Tarauni, a kai mata har ƙofa a adaidaita sahu, sai kaya sun iso ta biya. Ni aka naɗa mai kai kaya, wai na san lungunan Kano. Na ce in dai ba lodin siminti ba ne, na karɓa.

Aka buɗe, shiru. Ummi ta dawo daga aiki ta zauna a tabarma ta zuba wa waya ido kamar mai jinya. Rannan na ji tana ce wa uwarta, "Mama, ko dai ni ce ba ni da kai?" Wallahi ranar ture kwanon tuwo na yi na tashi. Wane uba ne zai ji haka ya zauna?

Washegari na isa majalisarmu a ƙofar shagon abokina Malam Iro tela, na ce, "Iro, miƙo wayarka." Ya ce, "Ba kati a ciki." Na ce, "Ba kira zan yi ba. Daga yau sunanka Hajiya Turai, a Hotoro kike." Sabo, abokin tuƙina tun muna samari, ya zama Anti Larai ta Darmanawa. Kafin la'asar duk wani mai gemu a bencin nan ya zama Hajiya. Su yi oda, ni in ɗauko kaya in zaga ta baya in sauke a majalisa a raba, in koma gida in biya daga ɗan abin da hayar shagona ke kawowa. Ranar farko Ummi ta fito da gudu ba takalmi, "Baba! Oda ta shigo! Daga Hotoro!" Na shafa gemu na ce, "Ikon Allah." Niyyata sau ɗaya ce, don ta yi dariya. To wa zai ga wannan fuskar ya daina?

Ga inda wautarmu ta fito. Cikinmu ba wanda ya taɓa yin cefane a rayuwarsa, mu dai mu miƙa kuɗin a ƙofar ɗaki, a kawo mana kwano. Don haka kowa abin da bakinsa ke so yake latsawa. Iro ba haƙori, sai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Sabo kuwa goro da kilishi. Wata da watanni ba Hajiya ɗaya da ta nemi tumatir ko attaruhu, ko albasa! Ummi ta zauna ta yi nazarin odar nan tsaf, ta zo min ido na ƙyalli ta ce, "Baba, ka ji abin da kasuwa ke gaya mana? Matan Kano sun gaji da dage-dage, gargajiya suke so." Ta cire ɗanyen kaya gaba ɗaya, wai dama lalacewa suke, ta cika mana ɗaki da buhunan kuka. Yanzu ko hular Juma'ata warin daddawa take. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Daurawa, mace ta gaskiya, da ta fara sayen karas da kabeji a wurinmu, har ta kawo maƙwabciyarta. Ta buɗe manhaja ta ga ba komai sai kuka da goro, ta ce min a ƙofar gida, "Baba, ku ce kun koma shagon tsofaffi mana." Ba ta sake nemanmu ba. Da hannuna na kori mai saye ta gaske saboda Hajiyoyi masu gemu.

Wata rana muna zaune wayar Iro ta yi ƙara, Ummi ce, wai tana jin ra'ayin masu saye. Iro ya toshe hanci ya siranta murya. Na ji ta ce, "Hajiya, kamar mura ce ke damunki?" Ya ce, "Fanka ce 'yar nan. Amma kukar ku riƙa zaɓo mai laushi." Sabo ya yi dariya har hula ta faɗi. Ni ma na yi, sai da na ji ta ce, "Na gode Hajiya, addu'arku ce ke riƙe da mu," sannan na daina.

Na gwada tsayar da abin, kada ku ce ban gwada ba. Oda ta ɗauke, Ummi ta koma kan tabarmar nan tana tambayar kanta laifin me ta yi wa Hajiya Turai. Shi kuma ɗan banzan Iro ya ce, "Alhaji, Hajiya Turai fa ta saba da miya mai daɗi, in ta ji yunwa bakinta ba ya shiru." Wasa yake, amma na san shi. Haka muka koma yin oda. Ita ma uwargida ta fara yi min wani kallo, rannan ta ce, "Malam, wace Hajiya ce take cin goro haka kamar mai gadi?" Na ce sallah zan tafi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Wasu masu zuba jari a sana'ar matasa sun ga yawan odar, sun kira ta. Sharaɗinsu ta ba sana'ar lokacinta duka, kuma ta kawo bidiyon masu sayenta suna magana. Ummi ta ce ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin gwamnati. Na ce, "Ummi, a bi a hankali." Ta ce, "Baba, kai ne fa kake kai musu kaya, ka fi kowa sanin suna tare da mu." Ranar Asabar kuma ni zan raka ta gidan Hajiya Turai, har ta sayo mata atamfa ta godiya. Da na gaya wa Iro cewa ya yi, "Kawo atamfar, ai ni ne tela." Batun bidiyo kuwa, Sabo ya ce mu aro mata a unguwa mu koya musu abin faɗa. To wannan ai ya tashi daga lallashin 'ya ya koma cin dukiyar bayin Allah da yaudara, kuma da sunan 'yata, ba nawa ba. Da furfurar nan zan je gaban Allah da wannan?

Sai yanzu na gane shirun da wayar nan ta yi da farko magana ce take yi wa Ummi, da na bar ta da ta ji ta gyara, tunda ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ni na toshe wa wayar baki don ba na son ganin hawaye. In na faɗa mata, za ta gane duk murnar da ta yi a gabana ubanta ne ya saya mata, abokansa na dariya a benci. In na yi shiru, za ta saki aikinta ta kama Iro.

Ga atamfar nan a leda a kan gadona, ta ce in ajiye mata, kada in buɗe ta kwashi warin daddawa. Asabar na ƙaratowa. Jama'a, don Allah, me zan yi?