Ƙunar da ke Kuncin Yaya Habu

Daren Laraba, Ɗanzomo

Yaya Habu ya dawo yau bayan la'asar, wata bakwai da kwana huɗu da shigarsa sabuwar ƙungiyar nan ta bayan Maigatari. Tun daga zaure na ga kuncinsa. Tsagar gidanmu da wanzami ya yi masa ranar suna, uku a dama, uku a hagu, babu ita. Sun ɗora ƙarfe mai zafi sun shafe ta. Wai jagoransu ya ce ba a tsayawa gaban Allah da alamar dangi a fuska.

Na ce, "Yaya, a wane littafi ka ga wannan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, ke har yanzu takarda kike bi."

Ni da na gama karatun jinya bana, ciwon kawai na iya dubawa. Na dama ya warke, na hagu yana ruwa, kuma ya hana ni wankewa.

Inna na fi ji wa tsoro. Tun da idonta ya mutu, da hannu take gane mu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa fuskarsa sau biyu, a hankali. Ta gane muryarsa, na tabbata. Amma ta janye hannunta ta ce mini, "Hauwa, kawo wa baƙo ruwa."

Na kawo. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce mini ya gode.