Kwalba Ta Bakwai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Umma ya sace, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Auta ta ci jarrabawarta, ta hana kowa sakat da labari. Kawu ne dai aka daina ganin dariyarsa, ka kuwa san dalili.

Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ina gamawa zan ɗauki hoton takardar in turo maka, kada ka ce ba ta iso ba.

Shekara biyu ke nan ina haɗa maka ruwan nan a ɗakin gwajinmu na jami'a. Kai ke aiko baƙin garin, ƙwayoyin nano ɗin da ka ce dubunsu a jere ba su kai kaurin silin gashi ba. Ni ke aunawa, in zuba a ruwan sanyaya inji, in sa a na'urar kaɗawa awa uku tana yi mini kuka a kunne. Ban taɓa musun yana aiki ba. Ranar da aka haɗa shi yana kwashe zafi daga bututu fiye da ruwan da aka saba da shi. Da idona na ga ma'auni ya sauka, har na yi tsalle kamar yarinya. Amma ni da kai mun san abin da ke faruwa bayan kwana goma: garin ya kwanta a gindin kwalba kamar laka, ruwa ya washe a sama.

Da na turo maka hoton kwana talatin, ka kira ka ce wannan ba hoton nuna wa mutane ba ne, in girgiza kwalaben in sake ɗauka, matsalar ƙarama ce, za ka gyara ta kafin kowa ya zuba ruwan a inji. Na girgiza, Yaya. Wata uku a jere ina girgizawa, ina rubuta kwanan wata da hannuna. Kai ka kai ni makaranta, kai ka samo mini aikin, a gidanmu kuwa ba a taɓa jin wanda ya ce maka a'a ba. Hotunan nan ne suka fito a takardar bincikenka, aka tafa maka, Umma ta sa aka wanko mata hotonka ta rataye a falo.

Sai ka ce a gwada a injin ƙanƙarar Kawu. Na ce a dakata, ka yi dariya ka ce tun ina ƙarama ni uwar gardama ce. Kawu bai san wata nano ba, amma jin daga wurinka abin ya fito, da kansa ya wanke jarkoki. A mako na biyar aka ɗauke wuta kwana biyu, famfo ya tsaya, garin ya kwanta a cikin siraran bututu. Wuta na dawowa injin ya yi gurnani ya ƙone. Ina tsaye makaniki ya yanka bututun, ya zaƙulo baƙar laka da guntuwar waya ya nuna mini. Injin da Kawu ya shekara ashirin da biyu yana ciyar da iyali da shi! Yanzu da safe yakan buɗe shago, ya share, ya zauna a benci yana ba masu kifin da ke zuwa neman ƙanƙara haƙuri.

Duk wannan da na daure na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da ka faɗa wa Umma, wai hannuna ne, wai ban iya awo ba, na cika gari. Haka ka rubuta wa shugaban sashenmu ma. Na ga takardar, har da roƙon a yi mini sassauci don ni ƙanwarka ce. Na gode da sassaucin. An karɓe makullin ɗakin gwaji, an ce in bayyana gaban kwamiti ranar Litinin, ko in ci gaba da aiki ko in tattara nawa-ya-nawa. Kawu da ka yake amsa gaisuwata. Umma kuma kullum sai ta ce in nemi gafararka, na zubar maka da mutunci a ƙasar mutane. Raina ya ɓaci, Yaya. Ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda nake jin naka ba, kuma kunyar kaina ta fi.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Kwalabe bakwai muka haɗa, shida nake girgizawa. Ta bakwai ita ce wadda ka auna garinta da kanka a zuwanka na ƙarshe, ka sa hannu a takardar jikinta. Tun lokacin na kawo ta gida na ajiye a bayan kabad, wata takwas ban taɓa ta ba. Lakarta ta kai kaurin yatsa, ruwan sama kuwa garau.

Ba sha'awar tona maka asiri nake yi ba, ni ma na girgiza kwalaben nan, kuma zan faɗi haka da bakina. Kana da daga yau zuwa Lahadi ka kira Umma da Kawu da shugaban sashe, ka gaya musu da kanka.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan Babba da Ƙaramin Likita. Umma na sa maka albarka kamar kullum, Auta na gaisuwa. Kawu ban tambaye shi ba.

In ban ji kiranka ba, Litinin da safe zan ɗauki kwalbar da hannu biyu in kai gaban kwamiti. Da ƙafa zan tafi, duk nisan nan, don kada mota ta girgiza ta.

Ƙanwarka,
Uwar Gardama