Na Ari Bakin Wani Uba

Daren Laraba, bayan isha'i

Na kasa kwanciya. Ɗazu na dawo daga gona a gajiye, 'yata Habiba ta tare ni da littafin wasan kwaikwayon da za su yi a makarantarsu ta Gezawa. Ita ce za ta fito a 'yar da ta ƙi mijin da ubanta ya zaɓa mata, ƙarshe ta mutu.

"Baba, karanta mini wurin uban, in gwada nawa."

Na karɓa ina dariya. Na miƙe a tsakar gida, na nuna ta da yatsa, na ce, "Tun da kin ƙi zaɓina, ba ni ba ke! Na cire ki daga cikin 'ya'yana!"

Sai ga Inna, mahaifiyata, ta fito da carbi a hannu tana salati. Na ce mata wasa ne.

"Wane wasa? Da bakinka ka faɗa, 'yarka ka nuna. An ce maka a sama ana tambayar littafin wa ka karanto? Maza sa mata albarka!"

Na dafa kan Habiba na yi ta sa mata albarka. Tana cewa, "Baba, ba komai fa," amma hawayenta ba na littafi ba ne.

Ni da nake in'ina ko sanarwar masallaci aka ba ni, yau ko tuntuɓe ban yi ba. Ya Allah, a ina maganar nan take zaune a cikina?