Tumbi ba shi da masauki

Daren Lahadi, bayan kasuwar Ɗanbatta

Ƙafafuna sai zugi suke, amma da murna zan kwana. Tun da likita ya tsorata ni da hawan jini, fetur kuma ya gagara, na jingine babur na koma keke. Tumbi ya zube, kaftanaina duk sun koma kamar na aro. Mutanen gari sun ɗauka yunwa ce. Har Inna ta aiko min da kwanon gero a ɓoye!

Yau na kwashi kaftanan na kai wa Malam Sani tela. Ya gwada ni, ya ce, "Malam, shadda ta yi tsada. Bari in naɗe rarar daga ciki, in tumbin ya dawo sai a saki."

Raina ya ɓaci. Wato shi ma jiran dawowarsa yake? Na ce, "Sa almakashi kawai."

Ya yi bismilla, ya yanke. Ga shi kuwa ba ni da halin ɗinka wasu.

Ya gama min shuɗin cikinsu kafin magariba, ya zauna min cif. To tumbi, in ka dawo, ba ka da masauki.