A Wayarku Ba Wanda Ya Mutu a Gidana

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka da rugage,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Malam Buba, makiyayi, rugarmu tana tsakanin Bahindi da iyakar Benin. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana cewa ka fita, shi ya sa na kawo kukana inda kowa zai ji.

Na ɗaya. Jikata, ɗiyar fari a wurin ɗana, ta kamu da tarin tibi tana shekara bakwai. Malama Rabi, ma'aikaciyarku mai zuwa mana bisa babur, ita ta gano ciwon. Ita ta kai majinar yarinyar asibiti, ta riƙa karɓo magani, ta sa ta cikin masu samun abincin ƙarin jiki. Ta ja mana kunne: wata shida cur, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Da rani ya yi na ƙetara Benin da shanu, yarinyar tana hannunmu ni da kakarta, sai Malama ta shirya in riƙa dawowa ranar kasuwa ina karɓar maganin. Wata huɗu aka yi haka. Yarinya ta murmure, har tana tsokanata wai na tsufa, ta fasa aurena.

Na biyu. Kwatsam kuka ɗauke Malama Rabi, ba sallama. Kuka turo sababbi da waya, su sake rubuta sunaye gida gida. Suka tarar da surukata, uwar yarinyar, suka ce ta lissafa 'ya'yanta. Ta faɗi biyu. Ranka ya daɗe, uku ta haifa! Ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari, balle gaban baƙi? Ba ƙarya ta yi ba, kunya ce, haka aka raine ta. Malama Rabi ta san wannan, ɗakin kaka take wucewa ta tambaya. Su kuwa suka danna waya suka hau babur.

Na uku. Na zo karɓar magani, aka ce babu sunan. Na fito da katinta, aka ce tsohon kati ne, in jira zagaye na gaba. Kasuwa uku ina zarya ina komawa hannu biyu. Tari ya dawo, wannan karon da jini. Ko da muka kai ta asibiti ƙarfinta ya ƙare. Mun binne ta kwana biyu bayan ruwan farko. Na san rai na Allah ne, amma wallahi zuciyata ba ta huce ba.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni yin shiru. Ƙanenta Sale, ɗan shekara huɗu, tabarma ɗaya suka riƙa kwana tun da muka dawo daga Benin. Yau mako uku yana tari, yana rama. Na roƙa a zo a duba shi, aka leƙa waya aka ce gidanmu ba ya cikin gidajen masu tibi. Wato a wayarku ba wanda ya yi ciwo a gidana, ba wanda ya mutu. To kabarin wa nake wucewa kullum in zan fita da shanu?

Roƙona ga shi. A turo a gwada Sale cikin makon nan. A maido mana Malama Rabi, ko wadda ta san mu irin nata sani. Duk mai zuwa rubuta yara kuma, ya nemi kaka ko baffa, ya bar uwa da kunyarta.

Allah ya yi maka jagora, ya raya naka 'ya'yan, kada ya nuna maka abin da na gani.

Surukata ba ta yi kuka gaban mutane ba, bayan garke take zuwa ta yi. Har yau ba ta kira sunan ba, ba kuma za ta kira ba. Ni kaka ne, kunyar ba ta hau kaina ba. Sunanta Dije. A rubuta.

Wassalam.

Malam Buba, kakan Dije